Kalifoniya ko Teksas: Tambayoyi da Amsoshi Kan Inda Zama Ya Fi Daɗi

Kalifoniya da Teksas su ne jihohin da suka fi kowace jiha yawan jama'a a Amurka. A ƙidayar 2020 Kalifoniya tana da mutum miliyan 39.5, Teksas kuma miliyan 29.1. Bayan wannan ƙidaya Kalifoniya ta rasa kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, abin da bai taɓa faruwa da ita ba, Teksas kuwa ta samu ƙarin biyu. Tun daga nan gardama ta ƙi ƙarewa kan wadda ta fi wata. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon abin da alƙaluma suka nuna.

A taƙaice, wacce ta fi?

Ya danganta da wanda ke tambaya. Teksas tana sayar maka da gida da araha, ba ta taɓa albashinka, amma ran da ciwo ya kama ka ko aiki ya kuɓuce, kai da ƙarfinka ne. Kalifoniya tana tsawwala maka tun daga bakin ƙofa, amma in ka faɗi akwai abin da zai tare ka. Magidanci mai matsakaicin albashi, wanda wurin aikinsa ke biya masa inshorar lafiya, kuma babban burinsa ya mallaki gida, Teksas ta fi masa. Mai ƙaramin ƙarfi da ke fama da rashin lafiya, ko wanda ya riga ya mallaki gida a Kalifoniya shekaru da dama, ko ƙwararren da ke ɗibar albashin manyan kamfanonin fasaha, shi kam babu dalilin da zai sa ya yi gaggawar naɗe tabarma.

Gaskiya ne mutane na tserewa daga Kalifoniya zuwa Teksas?

Akwai gaskiya a ciki, amma an cika mata gishiri. A shekarun 2021 da 2022, mutum sama da 100,000 ne suka riƙa komawa Teksas daga Kalifoniya kowace shekara, yayin da kimanin 40,000 suka bi hanyar a juye. Adadi ne mai yawa, sai dai in ka auna shi da jiha mai mutum miliyan 39, bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne su wane ne ke tafiya. Ana ta yayata attajirai da kamfanoni, amma mafi yawan masu tashi talakawa ne da masu matsakaicin samu waɗanda kuɗin gida ya kora.

Kamfanoni ma sun motsa. Toyota ta kwashe hedikwatarta ta Arewacin Amurka daga Kalifoniya zuwa Plano kusa da Dalas, Oracle ta koma Ostin, babban birnin Teksas, a 2020, Tesla ta bi ta a 2021, Chevron ta sanar da komawa Hiyuston a 2024. Amma Apple da Google da Meta da Nvidia suna nan inda suke, kuma ko Tesla ɗin ba ta rufe masana'antarta ta Fremont da ke Kalifoniya ba.

Albashi ya fi tsoka a Kalifoniya. Ba wannan ne ya kamata ya raba gardama ba?

A takarda haka ne. A 2023 matsakaicin kuɗin shigar iyali a Kalifoniya ya kai kimanin dala 95,000 a shekara, a Teksas kuma kimanin 75,000. Bambancin dala 20,000 ke nan. Amma hukumar nazarin tattalin arziki ta gwamnatin tarayya tana fitar da wani ma'auni na tsadar rayuwa, inda ake ɗaukar matsakaicin ƙasar a matsayin 100. A wannan ma'auni Kalifoniya tana wajen 112, Teksas tana wajen 97. In ka daidaita kuɗin da wannan, iyalin Kalifoniya suna da ƙarfin saye na kusan dala 85,000, na Teksas kusan 78,000. Tazarar ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku na yadda take, kuma ba a ma cire haraji ba tukuna.

A ƙasan tsani labarin daban ne. Mafi ƙarancin albashi a Teksas dala 7.25 ne a awa, wato na tarayya, wanda ba a ɗaga ba tun 2009. A Kalifoniya dala 16.50 ne a 2025, kuma ma'aikatan manyan gidajen abincin gaggawa suna karɓar dala 20 tun Afrilun 2024. A zahiri yawancin masu ɗaukar aiki a biranen Teksas suna biyan fiye da 7.25 saboda ba za su samu ma'aikata a haka ba, amma doka ba ta tilasta musu.

Me ya sa gida ya yi tsada haka a Kalifoniya?

Nan ne gizo ke saƙar. Matsakaicin farashin gida a Kalifoniya ya haura dala 800,000, a yankin San Faransisko kuwa miliyan ɗaya ba abin mamaki ba ne ga gida na talaka. A Teksas matsakaicin yana tsakanin 300,000 da 350,000. Shi ya sa kashi 55 cikin 100 kacal na iyalan Kalifoniya ke zaune a gidan kansu, a Teksas kuwa sun haura kashi 60.

Dalilin farko ƙasa ce. Biranen Kalifoniya da kowa ke so suna matse tsakanin teku da duwatsu. Dalas da Hiyuston da San Antoniyo kuwa a shimfiɗaɗɗen fili suke, duk inda ka juya akwai wurin da za a yanka filaye. Dalili na biyu doka ce, kuma shi ya fi nauyi. Shekara da shekaru yawancin unguwannin Kalifoniya sun haramta gina komai sai gidan iyali ɗaya a kan fili ɗaya. Ga kuma dokar kare muhalli ta 1970, wadda aka yi da kyakkyawar niyya, amma maƙwabta suka mayar da ita makamin kai ƙara don hana gina benaye kusa da su. Aikin da za a gama cikin shekara guda sai ya kwashe shekaru a hannun lauyoyi. Hiyuston ita ce babban birnin Amurka da ba ta da dokar raba unguwanni bisa irin ginin da za a yi, masu jefa ƙuri'a sun ƙi ta har sau uku. Sakamakon shi ne birnin ba shi da tsari a ido, za ka ga shagon gyaran mota jikin gidan zama, amma gidaje sun wadata.

Ostin ta ba da darasi a fili. Da jama'a suka kwararo, farashi ya yi tashin gwauron zabo har zuwa 2022. Aka bar magina suka yi ta ɗora benaye, daga 2023 haya ta fara sauka. Kalifoniya ta fara sassauta dokokinta a 'yan shekarun nan, amma gibin da aka tara cikin shekara 40 ba ya cikewa a shekara 4.

To mai haya fa?

Haya ta fi arha a Teksas, babu tantama. Amma mai haya ya fi samun kariya a Kalifoniya. Wata doka ta 2019 ta taƙaita ƙarin haya a yawancin tsofaffin gidaje zuwa kashi 5 cikin 100 haɗe da hauhawar farashi, kuma duk rintsi kada ya wuce kashi 10 a shekara. Haka kuma mai gida ba zai kori wanda ya daɗe a ciki ba sai da dalilin da doka ta amince da shi. A Teksas babu iyaka ga ƙarin haya in yarjejeniya ta ƙare, kuma shari'ar tashin mai haya tana tafiya da sauri ƙwarai.

An ce babu haraji a Teksas. Haka ne?

Wannan ita ce maganar da ta fi yaudarar mutane. Abin da babu shi ne harajin kuɗin shiga na jiha, kuma a 2019 masu ƙuri'a suka sa haramcinsa cikin kundin tsarin mulkin jihar. Harajin tarayya kowa na biya, ko a ina yake. Kalifoniya kuwa tana karɓar nata daga kashi 1 har zuwa 13.3 cikin 100, mafi girma a ƙasar, amma wannan na ƙololuwa sai kuɗin da ya haura dala miliyan ɗaya a shekara. Iyali mai ƙaramin samu ba ya biyan abin a zo a gani.

Makarantu da tituna da 'yan sanda ba sa gudana da iska, don haka Teksas tana karɓar nata ta wata ƙofa, wato harajin gida. A gundumomi da yawa yana kai kusan kashi 2 cikin 100 na darajar gidan kowace shekara, a sababbin unguwannin bayan gari ma yakan wuce haka. Gidan dala 350,000 zai iya jawo maka dala 6,000 zuwa 7,000 a shekara kafin rangwame, ko kana da aiki ko ba ka da shi, ko ka yi ritaya. Koke ya yi yawa har a 2023 aka ɗaga rangwamen gidan da mutum ke zaune a ciki zuwa dala 100,000 a ɓangaren harajin makarantu.

A Kalifoniya akwai Ƙudiri na 13, wanda aka zartar a 1978. Ya ƙayyade harajin gida a kashi 1 cikin 100 na kuɗin da aka saye shi, kuma darajar da ake lissafi da ita ba ta ƙaruwa fiye da kashi 2 a shekara sai ran da aka sayar. A ɗauki misalin maƙwabta biyu a layi ɗaya, gidajensu iri ɗaya. Ɗaya ya saya a 1995 a kan dala 200,000, ɗayan ya saya a 2023 a kan 900,000. Na farkon ana lissafa masa gidan a kan kusan 350,000, yana biyan wajen dala 3,500. Sabon zuwa yana biyan 9,000. Motar shara ɗaya ke kwashe musu bola, makaranta ɗaya 'ya'yansu ke zuwa. Wannan doka ta kare tsofaffi daga a kore su daga gidajensu da haraji, amma ta kuma sa mutane sun manne a gidajen da suka yi musu girma, ta ɗora nauyin a kan matasa.

Harajin sayayya bai yi wani nisa da juna ba: Kalifoniya tana farawa daga kashi 7.25 cikin 100, wasu garuruwan suna haura 10, Teksas tana farawa daga 6.25 ta tsaya a 8.25.

In aka haɗa duka, cibiyar ITEP mai nazarin haraji a Washinton ta lissafa cewa kashi 20 cikin 100 na mutanen da suka fi ƙarancin samu a Teksas suna ba da kusan kashi 13 cikin 100 na samunsu a harajin jiha da ƙaramar hukuma, alhali attajiran ƙololuwa ba sa kai kashi 5. A Kalifoniya ɓangarorin biyu suna wajen kashi 12. Ma'ana, likitan tiyata ko mai kamfani yana tsira da maƙudan kuɗi in ya koma Teksas. Direban motar kaya kuwa ba harajin ne zai cece shi ba, arahar gida ce.

Wutar lantarki da mai fa?

Farashin kowane kilowat a Kalifoniya ya ninka na Teksas, wajen santi 30 a kan wajen santi 15. Amma gidan Teksas yana shan wuta ninki biyu na gidan Kalifoniya, saboda gidajen sun fi girma kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa daga Mayu zuwa Oktoba. A ƙarshen wata takardun kuɗin biyu sukan zo kusa da juna. Mai kuwa Teksas ta yi nasara ba gardama, galan ɗaya yakan fi arha da fiye da dala ɗaya, sai dai tafiyar ta fi nisa.

Ina aka fi samun kula da lafiya?

Dole a raba tambayar gida biyu. In ana maganar ingancin asibiti ne, duka biyun suna sahun gaba a duniya. Cibiyar Lafiya ta Teksas da ke Hiyuston ita ce rukunin asibitoci mafi girma a duniya, a cikinta ne asibitin ciwon daji na MD Anderson yake, wanda ake zuwa daga ƙasashe da dama. Kalifoniya tana da asibitocin Stanford da UCSF da UCLA.

In kuwa ana maganar wa zai iya shiga waɗannan asibitoci ne, to an rabu. Teksas ce ta fi kowace jiha yawan marasa inshorar lafiya, kusan mutum ɗaya cikin shida. A Kalifoniya kusan ɗaya ne cikin 15. Tushen bambancin shi ne dokar lafiya ta 2010, wadda ta ba jihohi damar faɗaɗa Medicaid, shirin inshorar lafiya na gwamnati don marasa ƙarfi, ga manya masu ƙaramin samu, gwamnatin tarayya na ɗaukar mafi yawan kuɗin. Kalifoniya ta karɓa, shirinta na Medi-Cal yanzu yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar jihar. Teksas ta ƙi. Baligi mai lafiya marar 'ya'ya a Teksas, komai talaucinsa, da wuya ya cancanci Medicaid. Irin wannan mutum in ciwon suga ya kama shi sai ya riƙa jan ƙafa har ta kai shi ɗakin gaggawa, sannan takardar bashi ta biyo shi gida.

Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta tarayya, sun nuna tsawon rai a Kalifoniya ya fi na Teksas da shekara biyu zuwa uku. Ba inshora kaɗai ta jawo haka ba, shan taba da ƙiba da haɗarin mota duk suna ciki. A fannin haihuwa ma Kalifoniya ta yi fice: wani shiri da aka fara a 2006 na koya wa asibitoci matakan tarar zubar jini da hawan jini ya rage mutuwar mata masu haihuwa da fiye da rabi cikin 'yan shekaru.

Haƙƙin ma'aikaci fa?

Kalifoniya ce jiha ta farko da ta kafa hutun iyali mai albashi, ya fara aiki a 2004, yanzu yana kai mako 8 don kula da jariri ko majinyaci. Akwai kuma hutun rashin lafiya na dole. Teksas ba ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu ko ɗaya daga ciki, kuma a can mai kamfani yana da zaɓin ƙin sayen inshorar diyyar rauni a bakin aiki. Duk wanda zai karɓi aikin gini ko na rijiyar mai a can, ya tambayi wannan kafin ya sa hannu.

Wace jiha ce ta fi talauci?

Ya danganta da mudun da aka auna. A ma'aunin gwamnati na asali, wanda ba ya duba tsadar wuri, Teksas ta fi Kalifoniya talakawa. Amma akwai ma'auni na biyu da hukumar ƙidaya ta fara fitarwa a 2011, wanda ke lissafa kuɗin gida da haraji da tallafi. A wannan Kalifoniya takan zo ta ɗaya ko kusa da haka a faɗin ƙasar. Abin kunya ne ga jihar da tattalin arzikinta ya kai dala tiriliyan 4, wanda da ƙasa ce da tana cikin manya biyar na duniya.

Ana ganin haka a kan titi. Marasa matsuguni a Kalifoniya sun haura 180,000, kusan rubu'in na ƙasar baki ɗaya, kuma mafi yawansu a waje suke kwana. A Teksas ba su kai 30,000 ba. Shaye-shaye da taɓin hankali akwai su a jihohin biyu, abin da ya bambanta shi ne kuɗin ɗaki. Hiyuston ta rage nata da fiye da rabi tun 2011 ta hanyar fara ba mutum ɗaki kafin a shiga sauran matsalolinsa, kuma abin ya yiwu ne don ɗakunan suna nan.

Yanayi fa? Kowa na yabon na Kalifoniya.

Na bakin teku ake yabo, kuma ya cancanta. A San Diyego ko Santa Monika mutum zai iya shekara bai kunna na'urar sanyi ko ta ɗumi ba sosai. Wannan yanayi yana cikin abin da ake biya a farashin gida. Amma ka shiga ciki zuwa Firesno ko Bekasfil, a kwarin tsakiyar jihar, zafin bazara yana haura digiri 40. Can ne gidaje ke da ɗan sauƙi, can ne kuma iskar ta fi gurɓata: garuruwan wannan kwari da Los Anjeles sun saba zama a saman jerin masu mummunar iska a Amurka.

Teksas zafi ne ko'ina, na Hiyuston da gumi, na yamma busasshe. A 2023 Ostin ta yi kwana 45 a jere zafin bai sauka ƙasa da digiri 38 da rana ba. Wanda aikinsa na waje ne ya sa wannan a lissafi da gaske.

Ina bala'o'i suka fi yawa?

Kowacce da irin nata, zaɓi ne tsakanin wuta da ruwa. Kalifoniya tana zaune a kan tsagin San Andreas, wata tsaga a ƙasa mai haddasa girgiza. Girgizar ƙasa ta Northridge, wata unguwar Los Anjeles, a 1994 ta kashe mutum 57, kuma inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar girgiza, sai an saya daban. Wutar daji ce ta fi addabar jihar yanzu. A Nuwamban 2018 ta cinye garin Paradise, mutum 85 suka mutu. A Janairun 2025 ta shiga unguwannin Los Anjeles ta ƙone gine-gine sama da 16,000. Kamfanonin inshora sun fara ja da baya, State Farm ta daina karɓar sababbin gidaje a jihar a 2023.

Teksas tana fama da guguwar teku da ambaliya da ƙanƙara mai fasa rufi. Guguwar Harvey a Agustan 2017 ta zubar da ruwan da ya haura mita ɗaya da rabi a wasu wurare, ta nutsar da unguwannin Hiyuston har waɗanda taswira ta ce ba sa cikin haɗari. A Yulin 2025 kogin Guadalupe ya yi ambaliya cikin dare, mutum sama da 130 suka rasu. Shi ya sa inshorar gida a Teksas take cikin mafi tsada a ƙasar, kuma wannan na cinye wani ɓangare na arahar da aka zo nema.

Sai kuma Fabrairun 2021. Yawancin Teksas tana da layin wutarta na kanta, ƙarƙashin hukumar ERCOT, wanda ba a haɗa shi sosai da na sauran jihohi ba don gudun sa bakin tarayya. Da sanyi mai tsanani ya sauko, bututun iskar gas da injinan tashoshin wuta suka daskare, babu kuma inda za a jawo isasshiyar wuta daga waje. Gidaje sama da miliyan 4 suka shiga duhu, wasu har kwanaki. Bututun ruwa suka fashe cikin bango, silin na zubowa a falo, mutane na narka dusar ƙanƙara don zuba wa bayan gida. Wasu suka kunna mota a gareji ko suka shigo da gawayi ɗaki don jin ɗumi, hayaƙin ya kashe su. Gwamnatin jihar ta ƙirga mutum 246. An tilasta wa tashoshi shirin sanyi bayan haka, an kuma ƙara batura da wutar rana da yawa, amma masu hali da dama sun sayi janareta sun ajiye.

Makarantun yara da jami'o'i fa?

A firamare da sakandare sunan jiha ba ya gaya maka komai, gundumar makaranta ce ke magana, ita kuma tana bin adireshin gidanka. Kalifoniya tana kashe kuɗi fiye da Teksas a kan kowane ɗalibi, amma a jarrabawar ƙasa sakamakonsu ba ya nisa da juna, a lissafi ma Teksas takan ɗan wuce.

A jami'a Kalifoniya ta fi faɗi. Tsarin da ta shimfiɗa a 1960 ya ba ta hawa uku: Jami'ar Kalifoniya mai rassa 10, ciki har da Berkeley da UCLA, sai jami'o'in jiha sama da 20, sai kwalejojin al'umma sama da 100 masu arha, inda ɗalibi zai yi shekara biyu ya tsallaka zuwa babbar jami'a. Teksas tana da Jami'ar Teksas a Ostin da Texas A&M, waɗanda kuɗin man da ake haƙowa a filayensu na yammacin jihar ke tallafa wa. Tana kuma da wata doka ta 1997 da ta ba duk ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnati, ko da makarantarsa ta ƙauye ce, sai dai reshen Ostin ya matse nasa kason ƙasa da haka. A duka jihohin, sabon zuwa yakan jira shekara guda kafin a ɗauke shi ɗan jiha a kuɗin makaranta.

Tsaro fa?

Labaran talabijin za su sa ka ɗauka San Faransisko ta zama kufai, ko kuma kowa a Teksas da bindiga a ƙugu yake yawo. Duka biyun zuzutawa ce. Yawan manyan laifuka a jihohin bai yi nisa da juna ba, kuma bambancin unguwa da unguwa ya fi na jiha da jiha. Inda aka rabu sosai shi ne bindiga. Tun Satumban 2021 baligi ɗan shekara 21 a Teksas yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Kalifoniya tana da dokoki mafi tsauri a ƙasar, har da jiran kwana 10 kafin a miƙa maka wadda ka saya. Mutuwa ta hanyar bindiga, in an haɗa da masu kashe kansu, ta fi yawa sosai a Teksas gwargwadon yawan jama'a.

Akwai haɗarin da ba a cika kawowa a wannan muhawara ba: tun 7 ga Nuwamban 2000 ba a yi rana ɗaya a Teksas ba tare da wani ya mutu a kan titi ba.

Za a iya rayuwa babu mota?

A San Faransisko da wasu sassan Okland da Los Anjeles, ana iyawa. A Teksas, da kyar. Babbar hanyar Katy a Hiyuston tana da layi sama da 20 a wasu wuraren, kuma duk da haka tana cushewa safe da yamma.

Wuraren shaƙatawa fa?

Kusan rabin ƙasar Kalifoniya mallakar gwamnati ce, a buɗe ga kowa: gandun daji na ƙasa guda 9, ciki har da Yosemite, ga tsaunuka, ga gaɓar teku. A Teksas kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasa na masu zaman kansu ne, an kewaye da waya. Tana da gandun dajin Big Bend mai ban sha'awa, amma daga Hiyuston tafiyar yini ce a mota. Wannan ba ya fitowa a takardar albashi, amma ga iyalin da ba su da kuɗin yawon buɗe ido, samun wurin zuwa kyauta ran hutu ba ƙaramin abu ba ne.

Baƙo daga wata ƙasa, ina zai fi sakewa?

Biza da katin zama na gwamnatin tarayya ne, jiha ba ta da hannu. Amma halin jihohin ya bambanta. Kalifoniya ta taƙaita haɗin kan 'yan sandanta da jami'an shige da fice a 2017, a shekarar ce kuma Teksas ta haramta wa biranenta yin haka. A rayuwar yau da kullum kuwa, Hiyuston da Dalas suna cikin biranen da suka fi cakuɗuwar al'ummomi a Amurka, kuma Teksas ce ta fi kowace jiha yawan 'yan Najeriya. A yawan masallatai, Kalifoniya da Teksas ne ke bin Niyok a matsayi na biyu da na uku.

Wanda ke shirin tashi daga ɗaya zuwa ɗaya, me zai lissafa?

Ya manta da sunan jiha, ya ɗauki gari da gari, unguwa da unguwa. Teksas ta kai murabba'in kilomita 695,000, Kalifoniya 424,000, kuma Ostin ta fi kama da Sakaramento ta Kalifoniya a tsadar gida fiye da yadda take kama da El Paso ta Teksas. Ya rubuta albashin da zai rage bayan haraji a wuraren biyu, ya cire haya ko biyan bashin gida, harajin gida, inshorar gida da ta mota, wuta a watan Agusta, da abin da inshorar lafiya za ta ci in shi zai saya da kansa. Ya tambayi wurin aikinsa ko za su rage masa albashi in ya koma, domin kamfanoni da yawa suna biya ne gwargwadon garin da ma'aikaci yake. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ko lauya ya binciki lasisinsa, don ba kowanne ke tsallaka iyakar jiha kai tsaye ba. Wanda kuma yake da gida a Kalifoniya mai tsohon haraji ya yi dogon tunani kafin ya sayar, domin in zaman Teksas bai karɓe shi ba, da sabon farashi da sabon haraji zai dawo.